Ruwan da Aka Tare a Ƙofar Gareji

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya bambanta ta da sauran ranakun damina. Hadari ya haɗo tun bayan la'asar, ya tsaya a gabas yana ta ƙara baƙi, bai zubo ba, bai kuma watse ba. Direba ya dawo da wuri, ya shigar da motar hayarsa gareji, ya janyo ƙofar ƙarfen ƙasa har ta zauna a kan sabon tudun simintin da ya yi mata. Ya tsuguna ya bi ƙasanta da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ko iska ba ta da hanya. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, a karo na farko tun rasuwar matarsa ya ji wani abu mai kama da daɗi ya taɓa masa ƙirji.

Gidan nasu a ƙarshen gangare yake, duk ruwan layin ƙofarsu yake nufa. Tun da suka tare a gidan, in aka yi ruwa sai ya shigo ta ƙarƙashin ƙofar garejin, ya bi jikin bangon hagu siriri kamar igiya, ya fita ta wata 'yar rariya da ke gindin bangon baya. Marigayiya Maman Auta ba ta taɓa damuwa da shi ba. Ita ce ma take zuwa da tsinken kara ta zaƙulo dattin da ya toshe rariyar, in ta ga hadari kuma ta tura rabin bulo ƙarƙashin ƙofar don ta ɗan ɗaga. Direba ya yi faɗa har ya gaji. Sai ta yi wannan murmushin nata na gefen baki ta ce, "Wucewa zai yi, Baban Auta. Me ya ci maka?"

Yana kan hanya ta rasu. Ya ɗauki doguwar tafiya, wayarsa a mace, ya dawo ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Yayarsa, wadda kowa a gidan yake kira Gwaggo, ta zo zaman makoki ba ta koma ba, saboda yarinya budurwa ba a barinta ita kaɗai. Ita ce ta ce a fitar da kayan mamaciyar daga ɗaki, a ba 'yarsa Auta abin da za ta iya sawa, sauran a raba. Ya ce to. Ya zuba su a kwalaye, ya ce zai kai, ya jera su a can ƙuryar gareji a kan bulo. Bai kai ba. Kowace yamma in ya ajiye mota, kafin ya shiga gida, sai ya buɗe kwalin sama ya ciro mayafinta mai ruwan toka, ya kifa fuskarsa a ciki. Ƙamshinta yana nan, turarenta da man gashinta da wani abu da ba shi da suna, wanda nata ne ita kaɗai. Ba wanda ya san yana yin haka.

Da damina ta kama, wata yamma ya ji warin danshi ya fara shiga mayafin. Washegari ya tafi wurin Mai Walda, maƙwabcinsu kuma abokin tsokanarsa.

"Shekara nawa ruwa yana yi maka wanka a garejin nan, sai yau ka san yana jiƙa?" in ji Mai Walda. "Ko amarya za ka ajiye a ciki?"

"Kai dai faɗa mini yadda za a yi."

"In kaya ne, in haɗa maka kanta mai tsawo ka ɗora su sama, shi ke nan."

"Danshin nake so ya bar wurin gaba ɗaya."

Mai Walda ya dube shi, bai ƙara tsokana ba. Ya yanko doguwar roba daga tsohuwar tayar babbar mota, ya kafa ta a leɓen ƙofar daga ƙasa da ƙusoshi, yadda in an sauke ƙofar za ta manne da ƙasa. Ya nuna masa yadda zai kwaɓa siminti ya yi tudu mai tsayin yatsu huɗu a bakin ƙofar, da ɗan gangare ta waje don ruwa ya juya. Da ya ga Direba ya nufi rariyar baya da ragowar simintin, sai ya ce, "Waccan kam da ka bar ta. Gini yana son wurin numfashi." Direba ya ce ta nan ɓeraye suke shigowa. Ya cusa mata tsakuwa, ya shafe ta sumul.

To, wannan yammar ce gwajin farko. Ana kiran magariba ruwan ya sauko, ba iska, ba tsawa, sai nauyi. Direba ya idar da salla ya fito ya tsaya a ƙarƙashin 'yar rumfar ƙofar gida yana kallon aikinsa. Ruwan layin ya gangaro, ya iso tudun, ya tsaya. Da ma Mai Walda ya ce masa ruwan zai juya ya bi gefen titi. Bai juya ba. Ya taru a bakin ƙofar, ya kwanta, baƙi wuluk, ɗigon sama yana faɗa masa amma fuskarsa ba ta motsi.

Auta ta fito da lema. Yarinya ce doguwa mai shiru, ta ɗauko idon uwarta da tafiyarta. "Baba, za ka jiƙe," ta ce. Ta ratsa ta gaban garejin don ta miƙa masa, ƙafarta ba takalmi, ta shiga ruwan har idon sawu. Sai ta tsaya. Lemar ta karkace a hannunta, ruwa yana zuba a kafaɗarta, ita kuwa tana kallon ƙasan ƙofar.

"Auta."

Ya sake kiranta.

"Auta, fito daga ruwan nan."

Ta ɗago a hankali. "Baba, wa ka rufe a ciki?"

Kafin ya buɗe baki wani abu ya bugi ƙofar ƙarfen, ƙas. Tsakuwa ce, ta faɗo cikin ruwan. Ya leƙa layin sama da ƙasa, babu kowa, kowa ya shige gida. Wata ta sake bugawa, sannan wata. Ya kamo hannun 'yarsa ya janyo ta ciki, ya ji hannun da sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a waje.

Daga ranar, magariba ta daina zama magariba a gidan. Da rana ta faɗi sai jifa ta fara, ko ana ruwa ko ba a yi. Ba rufin gida ake jifa ba, ba taga ba, ƙofar garejin kawai, kuma can ƙasa, daidai inda roba ta haɗu da siminti. Da safe Gwaggo takan share tsakuwar, ƙanana masu santsi irin na bakin rafi, kowacce a jiƙe ko da gari ya kwana a bushe. Ta ce yaran layi ne. Ta faɗa da ƙarfi don ta ji kanta tana faɗa. Amma ta daina fita tsakar gida in duhu ya fara, ta kuma koma yin shimfiɗa a ɗakin Auta.

Sai murya ta biyo baya. Ba kuka ba ne sosai. Kamar mace ce ta kai bakinta ƙasan ƙofa tana kiran wani a hankali, ta yi shiru ta saurara, ta sake kira. Direba ya ji ta sau da yawa yana tsaye a cikin garejin da mayafi a hannu. Ya gaya wa kansa iska ce take bin roba. A kwanakin farko ya ji kamar ana amsa mata daga ƙarƙashin ƙafarsa, wani nishi mai rauni, can cikin ƙasa. Daga baya amsar ta daina zuwa, kiran ne kawai ya rage.

Auta kuwa ƙishi ya kama ta. Ta sha kofi, ta sha kwano, ta kafa kai a bokiti, leɓenta yana tsagewa kamar wadda ta yi kwanaki ba ta ga ruwa ba. Duk inda ta taka sai ka ga sawun ƙafa a jiƙe. An kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka auna abin da za a auna, aka ce ba a ga komai ba, a ba ta hutu. Ta daina zuwa makaranta. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Da rana tana kwance tana kallon bango, in an yi mata magana ta amsa da muryarta, har ta ce wa Gwaggo ta yi haƙuri da wahalar da take ba ta. Amma da almuru ya yi sai ta tashi, ko an kulle ɗaki a same ta a waje, a durƙushe a bakin garejin, kunnenta a jikin ƙarfe, tana kartar tudun simintin da farce.

Yammar da Direba ya ɗago ta ya ga farcenta biyu sun ɓare, simintin ya yi ja, Gwaggo ta tare shi a bakin ɗaki.

"Ƙanena, me ka ajiye a garejin nan?"

"Mota ce, Yaya."

"Mota ce take kiran 'yarka?" Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Na san ba ka kai kayan ba. Tun tuni na sani, na yi shiru saboda na ga halin da kake ciki. Amma ka binne ɗaya, ba zan zauna ina kallo ka binne ta biyu ba. Gobe ka je ka zo da Malam."

Malam dattijo ne mai ƙaramin jiki, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yawan tambaya. Ya zo da la'asar sakaliya, hadari yana biye da shi. Bai fara shiga wurin yarinyar ba. Ya zagaya garejin, ya tsuguna ya duba robar, ya taɓa tudun, ya sa aka ɗaga masa ƙofa ya shiga har bangon baya, ya tsaya a kan sabon shafen simintin da ke gindin bango. Ya dubi kwalayen, ya dubi Direba. Ya ce a sauke ƙofar kamar yadda take, a shimfiɗa tabarma a falo, a kawo yarinyar, Gwaggo ta zauna a bayanta ta riƙe ta.

Ruwa ya sauko ana idar da magariba. Wutar lantarki ta ɗauke, Gwaggo ta kunna fitila ta ajiye a gefe. Malam ya fara karatu, a hankali, ba gaggawa, kamar mai zuba ruwa a tulu. Auta tana zaune kanta a ƙirjin Gwaggo, idonta a rufe. An daɗe ba abin da ake ji sai muryarsa da ruwan da ke dukan kwano. Can jifa ta fara a waje, ƙas, ƙas, sai kuma ta tsaya cak. Tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafar yarinyar ta fara jiƙewa.

Ta buɗe ido. Direba ya san idon 'yarsa, ya san na uwarta a cikinsa. Wannan ba ɗaya daga ciki ba ne.

"Ya isa, tsoho," in ji bakin Auta. Muryar mace ce babba, a dishe, kamar wadda ta daɗe tana kira. "Kana ƙona ni."

"Ke wace ce, baiwar Allah?"

"Na riga gidan nan zuwa wurin nan. Na riga layin."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ta shigo cikin ruwana ne, na ga ƙofa na shiga. Ita kaɗai ce ƙofar da ubanta bai shafe da siminti ba."

Gwaggo ta fara salati ƙasa-ƙasa. Malam ya ce, "Faɗi abin da ya kawo ki. Kada ki yi mini ƙarya, zan ci gaba da karatu."

Kan Auta ya juya a hankali har ya fuskanci Direba.

"Kafin a yi gini, tafki ne a nan. Da aka cike shi danginmu suka tashi. Mijina bai iya tashi ba, ya tsufa, ƙafa ta mutu. Muka zauna a ɗan ramin da ya rage a ƙarƙashin inda kake ajiye motarka. Ni ba na tafiya sai a kan ruwa. In damina ta zo in fita ta rariyar baya, in nemo mana abin da za mu ci shekara, in dawo ta ƙarƙashin ƙofa da ruwan da zai sha. Ba mu taɓa taɓa muku ko cokali ba." Ta tsare shi da ido. "Matarka ba ta san da mu ba. Ba ta taɓa ganina ba. Amma tana ɗaga mini ƙofa."

Muryar ta ci gaba.

"Ranar da ka kwaɓa simintinka ina waje. Na dawo na tarar ba hanya, gaba a rufe, baya a rufe. Na yi jifa don ka ji. Na kira shi, yana amsawa. Kana tsaye a kansa da tsumma a fuskarka, yana neman ruwa a ƙarƙashin ƙafarka. Kullum muryarsa tana raguwa, ina jin ta ta cikin ƙarfe. Har ranar da na kira bai amsa ba."

Fitilar ta yi ƙasa ta dawo.

"Ban sani ba," in ji Direba.

"Na san ba ka sani ba. Shi ma ƙishin bai tambaya ba ko ka sani."

"Yanzu me kike nema?" in ji Malam.

"Ya ɗanɗana. Zan zauna a jikin nan har ta bushe kamar yadda nawa ya bushe. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kira."

"Wannan kam ba za ki samu ba." Malam bai ɗaga murya ba. "Wanda ya yi kuskure daban, wadda kike azabtarwa daban. An zalunce ki ba da sani ba, ke kina zalunci da sani. Ki ji tsoron wanda ya halicce mu da ku." Ya koma karatu. Jikin Auta ya sandare, ta banƙare har Gwaggo ta kusa sakinta, wani sauti yana fita daga bakinta kamar ruwa a maƙogwaron kwalba. Direba ya rarrafa ya kama ƙafafun 'yarsa. Sanyinsu ya ratsa shi har haƙori.

"Baiwar Allah," ya ce. Malam ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, amma bai iya ba. "Ni ma ba na nan matata ta tafi. An ce ta yi ta tambaya ko na iso. Har ta daina tambaya." Ya ƙara riƙe ƙafafun. "Na riga na tsaya a bakin ƙofar da kike faɗa. Kullum a can nake kwana. Kada ki ƙara mini da wannan, ita kaɗai uwarta ta bar mini."

Malam ya dakata. Jikin yarinyar ya saki kaɗan. Idon da ba nata ba ya daɗe a kan Direba, ruwa yana gangarowa daga cikinsa, ba a san ko hawaye ba ne ko wani abu.

"Yana can a kwance shi kaɗai," in ji muryar, yanzu a hankali. "Ko rufe shi ban yi ba."

"In an buɗe miki hanya, za ki ɗauki mijinki ki tafi?" in ji Malam.

"A yanka mini…"

"Ba za a yanka miki komai ba, ko kaza. Ba ma yi wa kowa yanka sai Allah. Hanya ce aka toshe, hanya za a buɗe. Ki shiga, ki ɗauki naki, ki fita ta baya, kada ki ƙara waiwayar gidan nan ko wani na cikinsa. Kin yi alkawari?"



"Da hannunsa," ta ce. "Shi ya rufe. Kuma yanzu, kafin ruwan nan ya ɗauke. In ya ɗauke ba ni da abin hawa, yarinyar kuma ba za ta kai wani ruwan ba."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi, da girman wanda kake karanta maganarsa."

Malam ya juya ga Direba. "Irinsu suna faɗin gaskiya suna faɗin ƙarya, ban ce ka gaskata duk abin da ka ji ba. Amma siminti ne kawai. Tashi."

Direba ya fita da guduma da dogon ƙarfe mai tsini. Ruwan ya fara sassautawa, ya ji haka a kafaɗarsa. A bakin garejin kuwa abin da ya taru ya wuce hankali. Ruwa ya kai masa gwiwa, yana tsaye a jikin ƙofar kamar an gina shi, bai bi titi ba, bai shiga gidan kowa ba. Ya lalubi tudun a ƙarƙashin ruwa, ya kafa ƙarfen, ya buga. Ya yi aikin da kyau ranar da ya yi shi, simintin bai so ya saki ba. Ya buga har tafin hannunsa ya fashe. Da ɓangare ɗaya ya ɓalle, ya kama robar ya fizge ta daga ƙusoshinta, ya sa kafaɗa ya tura ƙofar sama.

Ruwan ya shiga gaba ɗaya, ya kusa kayar da shi. Ya wuce ta ƙarƙashin mota, ya bugi bangon baya, ya dawo, ya fara hawa, don ba shi da mafita. A ɗan hasken da ya rage Direba ya ga ya haye bulon da kwalayen suke kai. Kwalin ƙasa ya jiƙe ya lotsa, jerin ya karkata. Taku uku ne tsakaninsa da su. Da ya miƙa hannu da ya ɗauke na sama, ya ɗora a kan mota, ya dawo. A kan kwanon rufi ya ji ɗigon ruwan yana raguwa, ana iya ƙirga shi.

Ya wuce su. Ya durƙusa a gindin bangon baya, ruwa har ƙirjinsa, ya lalubi shafen da ya yi da hannunsa, ya kafa ƙarfen. A bayansa ya ji kwalayen sun zube ɗaya bayan ɗaya, da wani taushin sauti kamar mutum ya zauna a kan katifa. Bai waiwaya ba. Ya buga, ya zaƙulo tsakuwar da ya cusa, ya sake bugawa. Wani abu mai laushi ya zo ya naɗe masa a hannu cikin ruwan, ya san mayafin ne, ya ture shi gefe ya ci gaba.

Rariyar ta buɗe. Ruwan ya ja da ƙarfi ta tsakanin gwiwoyinsa. Sai ya ji wani sanyi ya wuce ta gefensa, a hankali, da nauyi, kamar mace tana tafiya da kaya a baya. Ya daɗe yana wucewa. Direba ya rufe ido ya yi ta salati har ƙarar ruwan ta koma 'yar siririya, irin wadda ya saba ji shekara da shekaru yana mita.

Da ya koma falo, jiƙe sharkaf, hannu yana jini, ya tarar Auta a kwance a cinyar Gwaggo tana numfashi a hankali. Malam ya ce muryar ta yi sallama kafin ta fita, ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Yarinyar ta buɗe ido, nata idon, ta dubi ubanta.

"Baba, ka jiƙe," ta ce. "Ina lemar?"

Gwaggo ta miƙa mata kofi. Ta sha rabi ta ce ta ƙoshi. A nan ne Gwaggo ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Da zai tafi, Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa. "Kayan da ke garejin nan," ya ce, ba tare da ya dubi Direba ba, "akwai haƙƙin yarinyar a ciki. Ka ba ta abinta."

Washegari Gwaggo da Auta suka kwashe kayan daga cikin laka. Wasu sun lalace, sauran suka wanke su, wanki bayan wanki, suka shanya. Igiyar tsakar gida ta cika da zannuwan marigayiya, iska tana kaɗa su, har maƙwabta suka riƙa leƙowa. Da yamma, da ba kowa a wurin, Direba ya je ya tsaya a gaban mayafin mai ruwan toka. Ya kai shi fuskarsa. Sabulu ne kawai, da rana. Ya juya shi, ya nemi gefen da yake taɓa wuyanta, ya sake shaƙa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ninke shi ya kai ɗakin Auta ya ajiye mata a kan gado.

Jifa ba ta sake dawowa ba, murya ma haka. Auta ta mayar da jikinta sannu a hankali, ta koma makaranta, ba ta tuna komai sai lemar. Farcenta biyu dai sun fito a karkace, kuma har yau ƙafarta ta hagu ba ta ɗumi ko da a tsakiyar zafi.

Mai Walda ya zo ya ga ɓaraguzan tudun da robar a yashe a gefe. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga hannun Direba a naɗe da tsumma, ya fasa. Ya ce in yana so zai haƙa masa 'yar magudana a gaban ƙofar, ya rufe ta da ƙarfe mai ramuka, ruwan ya bi ta gefe ya zagaya, ba sai ya shiga ba. Aiki ne mai kyau, in ji shi, haka ya kamata a yi tun farko. Direba ya yi masa godiya, ya ce a bari tukuna.

Ba a yi ba har yanzu. Garejin babu komai a cikinsa sai mota. Amma duk yammar da hadari ya haɗo, Direba yakan fito ya zaƙule rariyar baya da tsinken kara, ya tura rabin bulo ƙarƙashin ƙofar. Ya san babu mai shigowa, ta yi alkawari kuma ta cika. Yakan tsaya a cikin duhun garejin, hannunsa ba komai, yana kallon ruwan ya shigo siriri ta jikin bangon hagu, ya wuce ta gabansa, ya fita.